Takardar haihuwa a Mora: yaushe binciken yara 100 ke isa hujja?

A shekarar 2014 hukumar ƙididdiga ta Kamaru, INS, ta gudanar da binciken gidaje da ake kira MICS, da tallafin UNICEF. Cikin abubuwan da binciken ya gano har da wannan: a faɗin ƙasar, kashi 66 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa. A jihar Arewa Mai Nisa kuwa kashi 42 ne kawai. Duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin CM2 ya san abin da wannan lamba ke nufi, domin yaron da ba shi da takardar haihuwa, idan lokacin jarrabawar CEP ya zo, sai iyaye su shiga zarya tsakanin ofishin magajin gari da kotu. In ya girma kuma, katin ɗan ƙasa ya gagara. Ga Bahaushen da ke zaune kusa da iyaka, wanda a shingen jami'an tsaro ake yawan tambayarsa ko daga Najeriya ya ƙetaro, rashin wannan takarda ya wuce batun makaranta.

Sai dai kashi 42 lamba ce ta jiha gaba ɗaya, daga Kusiri har Yagwa, sassa shida a haɗe. Ba ta faɗi halin da Mora ke ciki ba, balle Kolofata ko Tokombere, waɗanda su uku ne suka haɗa sashen Mayo-Sava. To mu ƙaddara wata ɗalibar jami'ar Marwa, ko wata ƙaramar ƙungiyar matasa, ta fita cikin Mora ta binciki yara 100, ta tarar 35 ne ke da rajista. Wannan misali ne kawai don mu yi lissafi da shi. Shin tana da ikon rubuta cewa Mora ta fi sauran jihar baya? Amsar tana da nauyi, saboda zaman kotun tafi-da-gidanka da ake shiryawa don ba yara hukuncin maye gurbin takardar haihuwa, kuɗinsa ba ya isa ko'ina, kuma inda alƙaluma suka nuna buƙata can ake fara kai shi.

Hanyar da masana ƙididdiga ke bi su amsa irin wannan tambaya ita ce gwajin zato da samfur guda. Samfur shi ne 'yan mutanen da aka ɗebo daga cikin jama'a aka tambaya, abin da ake kira échantillon da Faransanci. An ce guda ne saboda rukuni ɗaya kawai aka auna, ana gwada shi da wata lamba da aka riga aka sani, kamar 42 ɗin nan.

Zaton farko da hujjar da za ta rushe shi

A gaban alƙali, mai da'awa ne ke kawo shaida. Wanda ake ƙara yana zaune a matsayin marar laifi har sai hujja ta yi ƙarfi. Haka gwajin yake tafiya. Ana fara ɗaukar cewa babu wani sabon labari: Mora daidai take da jiharta, kashi 42. Wannan shi ne zaton farko, wanda littattafai ke rubutawa H0. Da'awar ɗalibar, cewa Mora ta bambanta, ita ce ke buƙatar shaida.

Me ya sa 35 ba ta isa shaida nan take ba, alhali kowa na ganin ta gaza 42? Saboda ko da gaskiyar Mora 42 ce cif, ba kowane ɗiban yara 100 ne zai ba da 42 ba. A zuba wake fari 58 da ja 42 a kowane ɗari cikin babban buhu, a cakuɗa, a riƙa ɗebo ƙwaya ɗari-ɗari. Wani ɗiban zai fito da ja 39, wani 46, wani 41. Buhun bai canja ba, katari ne ke wasa da hannun mai ɗiba. Tambayar ita ce iya nisan da katari kaɗai ke iya kai mu.

Wannan nisa ana iya lissafa shi, kuma lissafin bai fi ƙarfin wayar hannu ba. A ninka 42 da 58, a samu 2436. A raba da yawan yaran, wato 100, a samu 24.36. Sai a nemi lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da 24.36, wadda ta kusa 4.9. Wannan 4.9 ita ce kaucewar da aka saba gani daga samfur zuwa samfur. Ƙa'ida ta nuna cewa kusan sau 95 cikin 100, sakamako ba ya wuce ninki biyu na wannan kaucewa, sama ko ƙasa. Ke nan in gaskiyar 42 ce, yawancin binciken yara 100 zai faɗo tsakanin 32 da 52.

Ga 35 nan a cikin wannan fili. Giɓinta da 42 maki 7 ne, a raba da 4.9 a samu kusan 1.4, bai kai 2 ba. Idan aka duba jadawali, za a ga cewa giɓi irin wannan ko wanda ya fi shi, ta sama ko ta ƙasa, yana iya fitowa bisa katari kusan sau 16 cikin 100, wato kamar sau ɗaya cikin shida. Wannan 0.16 ita ce lambar p da ake gani a ƙasan jadawalin rahotanni. Abin da ke faruwa sau ɗaya cikin shida ba abin mamaki ba ne, don haka zaton farko bai rushe ba.

Yanzu a ce ɗalibar ta samu kuɗin mota da mataimaka, ta binciki yara 400, ta tarar 140 ke da rajista. Kason bai canja ba, 35 ne dai. Amma 2436 a raba da 400 ya ba da 6.09, kaucewar ta sauko zuwa kusan 2.5. Maki 7 ɗin nan yanzu ya kai ninki 2.8 na kaucewa, kuma katari ba ya kawo haka sai kamar sau 5 cikin 1000. A nan tana iya rubutawa da ƙarfin gwiwa cewa Mora na ƙasa da 42. A lura da tsadar abin: sai da aka ninka yawan yara sau huɗu kafin kaucewar ta ragu da rabi. Shi ya sa bincike mai inganci ke cin kuɗi.

Daga ina iyakar 5 cikin 100 ta fito?

Tunanin ya daɗe. A 1710 wani likita, John Arbuthnot, ya duba rajistar wankan baftisma ta birnin Landan ta shekara 82, ya ga kowace shekara jarirai maza sun fi mata yawa. Ya lissafa cewa da a ce dama ɗaya ce tsakanin biyun, da wuya ƙwarai a jera shekara 82 a gefe guda. Rajistar haihuwa ke nan tun a farkon tarihin wannan ilimi. Al'adar cewa p ta gaza 0.05 kafin a yarda da sakamako kuwa ta yaɗu ne daga littafin da Ronald Fisher ya fitar a 1925 don masu bincike, a lokacin yana aiki a wata cibiyar nazarin noma a Ingila. Iyaka ce ta sauƙaƙa aiki, wadda mutane suka saba da ita har ta zama kamar doka. Tsakanin 0.049 da 0.051 babu wani bango. A 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman tana gargaɗi kan yanke hukunci da wannan lamba ita kaɗai.

Akwai kuma fassarar da ake yawan yi mata ba daidai ba. Idan p ta zama 0.16, ba ana cewa akwai damar kashi 16 cewa Mora daidai take da jiha ba. Abin da take faɗa ya fi haka ƙunci: in da Mora daidai take da jiha, sakamako irin wannan zai riƙa fitowa sau 16 cikin 100.

Rashin hujja da wanke laifi

Kuskuren da ya fi cutar da mutane a rahotannin da ke yawo a yankinmu yana zuwa ne bayan an gama lissafi. Bincike ya kasa rushe zaton farko, sai a rubuta a shafin ƙarshe cewa babu bambanci tsakanin Mora da sauran jihar, wani jami'i a Marwa ko Yawunde ya karanta layin nan kaɗai ya ajiye takarda. Alhali alƙalin da ya sallami wanda ake ƙara don shaidu sun yi kaɗan bai rantse cewa mutumin bai aikata ba.

A 1933 Jerzy Neyman da Egon Pearson suka tsara maganar a kan kuskure iri biyu. Na farko shi ne a yi kururuwar akwai matsala alhali katari ne kawai. Na biyu shi ne matsala tana nan da gaske amma bincike ya wuce ta bai gani ba. Iyakar 5 cikin 100 tana tsare mu ne daga na farko. Na biyu kuwa ba ta ce komai a kansa ba, kuma ana iya lissafa shi. A ce gaskiyar Mora 35 ce. Binciken yara 100 zai iya gano cewa ta gaza 42 kusan sau 3 ne kawai cikin 10. Sauran sau 7 zai dawo da labarin ba a ga bambanci ba. Da yara 400 kuwa, zai gano kusan sau 8 cikin 10. Wanda ya fita da takardun tambaya 100 ya kamata ya san tun kafin ya hau babur cewa ragarsa tana da manyan ƙofofi.

Batun ya fi fitowa fili idan aka koma kan ruwa. Ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi, ya sa lita 15 a rana ga kowane mutum a matsayin mafi ƙarancin abin da ake nema don sha da girki da tsafta. Mu ƙaddara an auna gidaje 25 a wani matsugunin waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, matsakaicin ya fito lita 13.5, bambancin da ke tsakanin gidaje kuma, wanda ake kira écart-type, ya kai lita 5. A nan ana raba 5 ɗin da 5, domin 5 sau 5 ne ke ba da 25, sai kaucewar ta zama lita 1. Giɓin lita 1.5 ya zama ninki 1.5 ke nan.

Da yake gidajen kaɗan ne, kuma daga cikinsu aka ƙiyasta bambancin, ba a amfani da iyakar da muka yi aiki da ita a sama. Ana komawa jadawalin t, wanda William Gosset ya samar a 1908. Ma'aikacin kamfanin Guinness ne a Dublin, yana fama da ƙananan samfurori na sha'ir da sauran kayan aiki, kuma da sunan aro na Student ya wallafa aikin, shi ya sa har yau ɗalibai ke cewa test de Student. Ga gidaje 25, in ana neman ko ruwa ya gaza 15 ne kawai, jadawalin na buƙatar ninki 1.71. Namu 1.5 bai kai ba. A hukuncin gwajin, ba a tabbatar da ƙarancin ruwa ba.

To amma wa ya ce zaton farko dole ya zama ruwa ya isa? Wannan zaɓi ne da mai bincike ya yi, kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan matan da ke bin layi da jarka. Ana iya juya shi: a ɗauka ruwa bai isa ba har sai mai samar da shi ya nuna ya wuce lita 15. Da alƙaluman nan guda, lita 13.5, ba zai ko fara ba. Gidajen ba su canja ba, lambobin ba su canja ba, amma hukunci ya koma wani gefe. A ganina, duk inda ake maganar mafi ƙarancin abin da rai ke buƙata, ruwa ne ko abinci ko allurar rigakafi, mai bayarwa ne ya kamata ya kawo shaida. Littafin lissafi ba zai yanke wannan ba, mutane ne ke yankewa, kuma ya kamata a rubuta shi a fili tun kafin a ga sakamako. Haka ma batun ko gefe ɗaya za a duba ko biyu. Wanda ya jira ya ga alƙaluma sannan ya zaɓi ƙa'idar da za ta ba shi nasara, ya harba kibiya ne sannan ya je ya zana da'ira inda ta faɗi.

Masu yaƙi da cutar shan inna sun daɗe da gane amfanin kafa ƙa'ida tun da wuri. A arewacin Najeriya, bayan kowane zagayen ɗigon rigakafi, akan tura masu dubawa su zaɓi wurare shida a ƙaramar hukuma, yara goma a kowanne, su 60 ke nan, su duba alamar tawada a yatsa. In waɗanda ba su da alamar ba su wuce uku ba, aikin ya karɓu. In sun wuce, akwai gyara. Ana kiran tsarin LQAS, kuma ɗan'uwa ne na kusa ga gwajin da muke magana a kai.

Waɗanne yara aka ƙidaya?

Duk lissafin da ke sama yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: an zaɓi yaran kamar da ƙuri'a, kowane yaro a Mora yana da dama daidai da ta ɗan'uwansa. Mai sayen dawa a kasuwar Lahadi ta Mora ya san wannan ba tare da ya je jami'a ba. Ba ya yarda da tafin hannun da aka ɗebo daga bakin buhu, sai ya zura hannu can ƙasa.

A Mayo-Sava zura hannu ƙasan buhu yana da wuya. Tun daga 2014, lokacin da Boko Haram ta kai hare-hare Kolofata da Amcide, dubban iyalai suka bar ƙauyukan bakin iyaka suka dawo Mora da kewayenta, wasu suka koma, wasu suka sake fitowa. Ƙidayar jama'ar da aka daɗe ana dogaro da ita ta 2005 ce, ta riga duk wannan motsi. Mai bincike da ba shi da rakiya yakan tsaya inda babbar hanya ta kai shi, ya tambayi gidajen da ke kusa. Idan ya tsaya a ƙofar asibiti, zai haɗu da iyayen da suka saba haihuwa a asibiti, waɗanda su ne suka fi samun rajista, sai lambarsa ta haura gaskiya. Idan bulama ne ya nuna masa gidaje, kuma an ji cewa taimako na tafe, mai yiwuwa a kai shi inda aka fi talauci, sai lambar ta sauka. Ƙauyukan kan duwatsu da masu gudun hijirar da ke raɓe a gidajen dangi su ne aka fi tsallakewa. Babu wata lambar p da ke gyara wannan. Yara 4000 da aka zaɓa ta karkatacciyar hanya sun fi yara 100 da aka zaɓa da ƙuri'a haɗari, domin ƙaryarsu tana zuwa da tabbaci.

Ko da an yi ƙoƙari, yawanci ba yaro ɗaya-ɗaya ake zaɓa ba. Unguwa ake zaɓa, a shiga gida-gida. Yaran gida ɗaya kuwa kusan halinsu ɗaya: in uba ya yi wa babba takarda, ƙannen ma sukan samu. Saboda haka yara 400 da aka tattaro daga unguwanni kaɗan ba su kai nauyin yara 400 da aka warwatsa ba. In aka ce nauyinsu ya ragu da rabi, kamar 200 ke nan, kaucewar ta koma 3.5, giɓin maki 7 ya zama ninki 2 daidai, p ta hau zuwa wajen 0.045. Sakamakon da ɗazu yake da ƙarfi yanzu yana kan siraɗi. Excel ba zai faɗa wa ɗalibi wannan ba, zai lissafa abin da aka ba shi ne kawai.

Sai kuma harshe. A Mora ana jin Wandala, Kanuri, Fulfulde, Larabcin Shuwa, Hausa, da harsunan mutanen duwatsu kamar Podoko. Takardar tambaya da Faransanci take zuwa. Tambayar an yi wa yaro rajista da tambayar yana da takarda a hannu abubuwa biyu ne, kuma a bakin tafinta suna iya zama ɗaya. Iyalin da wuta ta cinye takardunsu a Limani za su ce babu, alhali sunan ɗansu yana cikin littafin rajista, in littafin ya tsira. Wata uwa kuma za ta nuna katin asibiti tana ganin shi ne takardar haihuwa. Lambar 42 ta MICS ta shafi rajistar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne. Wanda ya shiga makarantar firamare ya ƙirga masu takarda a hannu sannan ya gwada da 42, ya auna gero ne da mudun wani hatsi. Kar a manta kuma 42 ɗin kanta daga samfur ta fito, ga shi ta kwana biyu.

Akwai wani tarko ta ɗaya gefen. Da yara 10,000, bambancin 41 da 42 zai fito a matsayin tabbatacce a lissafi, amma ba zai sa a sauya ko sisi a kasafi ba. Kalmar significatif da ake gani a rahotanni tana nufin da wuya katari ne, ba ta nufin abin yana da girma. Kuma ko da an tabbatar Mora daidai take da jiharta, ma'anarsa yara 58 cikin kowane 100 ba su da suna a littafin hukuma, a ƙasar da ta amince da burin Majalisar Ɗinkin Duniya na yi wa kowa rajistar haihuwa kafin 2030.

Shi ya sa nake ganin ɗalibar da muka yi misali da ita za ta fi amfanar garin idan, bayan ta rubuta p, ta ƙara da iyakokin da gaskiyar ke iya kasancewa a ciki. Da yara 100, kashi 35 na nufin wani wuri tsakanin 26 da 44. Da yara 400 da aka zaɓa da kyau, tsakanin 30 da 40. A ce unguwannin da ta bincika suna da yara 2000 'yan ƙasa da shekara biyar, binciken na biyu yana gaya wa magajin gari da shugaban kotu cewa marasa rajista suna tsakanin 1200 da 1400. Da wannan ana iya ƙiyasta kwana nawa kotun tafi-da-gidanka za ta zauna, da littattafan rajista nawa za a tanada.